Wasan da Ya Ci Idon Inna

Da ido ɗaya na taso na tarar da Innata. Na hagun karan dawa ne ya tsokane shi a wani girbi tun kafin a haife ni, ya shanye, fatar ta rufe a kansa. Amma na daman nan ya yi mata aikin biyu har da ƙari. Daga bakin murhu za ta hango tsakuwa a faifan shinkafar da nake tsincewa, ta ce in sake duba wajen babban yatsana. Mu 'ya'yanta mun sha wuyar wannan ido, don ba abin da ke ɓuya masa, ko da ƙuli-ƙulin da ka dunƙule a hannu ta bayan riga ne.

A ƙauyenmu da ke gefen Tsiga, kiwon awaki da kaji Inna take yi, kuma ido ne abin da take fara dubawa a jikin dabba. In akuya ta ƙi cin dusa, sai ta durƙusa ta kama haɓarta, ta ja fatar idon ƙasa ta ga ko jini ya gudu. Ita ta fara nuna mini cewa baƙin idon akuya a kwance yake, na kyanwa kuma a tsaye, yana tsukewa da tsakar rana har ya koma siririn zare, da yamma ya buɗe ya cika ido. Ita ta sa na lura da yadda kaza ke karkata kai ta dubi sama da ido guda in shirwa ta gilma, da yadda take rigan kowa shiga akurki saboda dundumi. In na tambayi dalili sai ta ce Allah ya ba kowa ido daidai neman abincinsa, in tashi in ɗebo ruwa.

Dalilan sai a kwalejin horon malamai na same su. Akuya abin farauta ce, shi ya sa idanunta suke gefe da gefe, baƙinsu a kwance, don ta share fili da kallo ko da kanta na sunkuye a ciyawa. Kyanwa ita ce mafarauciya, idanunta suna gaba don auna tsalle, kuma a can bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai sheƙi da ke maido da ɗan hasken da ya shiga, ta more shi sau biyu. Na yi aure a Malumfashi, na kama koyar da kimiyya a firamare, kuma duk shekara in na zo darasin ido da misalan Inna nake yi wa yara. Tun daga nan ta daina kirana auta, ta koma ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsiya.

Da tsufa ya kama ta, sai yanar ido ta fara rufe na daman. Ba ita ta faɗa ba, Inna ba ta faɗin ciwo. Ni na gane, ranar da na ga tana zuba ruwa a gefen kwanon kaji, ƙasa na shanyewa, ita kuwa tana ta kiransu. Da na matsa mata sai ta ce ba komai ba ne, kawai dai kullum gani take kamar ana ƙona kara a tsakar gida. Ta ce hasken idonta ne ya ƙare, yadda kananzir ke ƙarewa a fitila. Na ce mata ido ba shi da hasken kansa. Haske daga rana yake zuwa, ya faɗa kan abu, ya tashi ya shiga ta baƙin ido, ya ratsa wata 'yar ƙwaya garai-garai, sannan ya sauka a bayan ido inda jijiya ke kai labari. Ƙwayar nan ce ta dushe, hasken yana bakin ƙofa an hana shi shiga. Ta ce to, ta ji karatu.

Na kai ta asibiti a Funtua. Likitar da ta duba ta mace ce, iyayenta mutanen kudu ne amma a garin aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ta haska wa Inna 'yar tocila ta sama, ta ƙasa, ta gefe, kowanne Inna ta nuna da yatsa ba kuskure. Likitar ta ce madalla, jijiya lafiya lau take, kuma aikin ba mai tsawo ba ne: za a cire ƙwayar da ta dushe a sa wata 'yar roba mai haske a gurbinta. Sai dai jinin Inna ya hau, don haka ta ba da magani ta ce mu dawo bayan girbi in ya sauka. Ta kuma ja mini kunne cewa kada a bar yanar ta wuce nuna, domin wani lokaci takan kumbura ta kashe jijiyar, kuma mai ido ɗaya ba shi da na canji.

Inna ta yarda. Ina so a san wannan, domin daga baya na sha jin mutane na cewa ai tsofaffin ƙauye ba sa son asibiti. Ƙarya ne, a kan Innata dai. A mota muna dawowa har shiri take yi: in an buɗe mata ido za ta ƙara tunkiya a kan awakinta, ta kuma je Kafur ta ga jikokin da aka haifa mata tun da ganinta ya fara rauni, ta san wa ya ɗebo hancin wa. Maganin hawan jinin kuwa ba ta taɓa tsallake shi ba.

Sai ga Kawu. Kawu ɗan gwaggon Inna ne, uwarsa da uban Inna ciki ɗaya, wato taubashinta ne. Duk wanda ya san wasan taubasai a wajenmu ya san ba a miƙa magana a tsakaninsu. Tun suna yara yake ce mata baiwarsa, ita tana ce masa bawan gidansu, sun tsufa a kan haka. In ya zo ya ci tuwonta sai ya ce bai taɓa cin mai gudaji irinsa ba, ya miƙa kwano a ƙara. Ranar da mahaifinmu ya rasu ma, bayan ya share hawaye, sai da ya ce mata yanzu ta rasa mai fansarta, ta tattara kayanta ta bi shi. Ta yi dariya tana kuka, kowa ya ce ya kyauta. Ba zan ce mugun mutum ne ba, ko da yake akwai shekarun da na so in faɗi haka.

Abin da ya sa wasan Kawu ya fi na kowa ci shi ne muryarsa. Ƙarya yake shirgawa da murya irin ta mai ba da shaida, ba rawa ba dariya. A fuskarsa kaɗai ake kama shi: girarsa ta dama takan ɗaga, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Inna ta haddace wannan fuskar. Zai gama zuba zance, ta kafa masa idon nan nata, ta ce ƙaryarka ta sha ƙarya, a fashe da dariya. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya lura cewa da ido take jin wasan nan.

Shi ma yanar ido ta kama shi, amma ɗansa da ke aiki a Kaduna bai jira ba, ya ɗauke shi aka yi masa aiki a can. Ya dawo yana gani tar. Wata ranar kasuwar Bakori, a kan hanyarsa ta komawa gida, ya biyo ta gidanmu bayan la'asar. Na zo hutun ƙarshen mako, muna zaune a ƙarƙashin mangwaro muna ɓarar gyaɗa, ni da Inna da matar Yayana da wasu maƙwabta. Yayan shi ne babbanmu, shi ke riƙe da gidan da gonakin tun rasuwar mahaifinmu. Kawu ya zauna a kan tabarma yana fuskantar yamma, rana ta bugi fuskarsa, sai matar Yaya ta ce wani abu na ƙyalli a cikin idonsa. Gaskiyarta ne. 'Yar robar da ake sawa takan yi haka in haske ya faɗo mata ta wani ɓangare, kamar yadda ruwa a bokiti ke walƙiya.

Inna ta dakata da ɓarar gyaɗar. Ta juya wajen da muryarsa take, ta ce, "Bawan gidanmu, wai me suka sa maka a ciki?"

Na ji muryarta, ba ta wasa ba ce. Tambaya ce ta mai shirin kwanciya a gadon da wani ya tashi. Amma ta kira shi da sunan wasa, ga kuma mata a zaune suna jiran abin dariya, Kawu kuwa ba a taɓa miƙa masa irin wannan dama ya mayar ba.

Ya ce, "Idon kyanwa ne. Ni na so na rago, suka ce mani ya ƙare. Wata baƙa ce, na gan ta ɗaure a bakin ƙofa sanda za a shiga da ni. Da na fito na iske ta da ido guda, kamar ke. Ai tun da na dawo ɓeraye suka yi ƙaura daga rumbuna."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har matar Yaya na zubar da gyaɗa. Kawu ya ɗaga gira, ya kanne wa Inna idon da aka yi wa aikin, yana jiran ta ce ƙaryarsa ta sha ƙarya. Ita kuwa abin da take gani a gabanta farin rigarsa ne kawai, ba hanci ba baki. Ta yi 'yar dariya bayan kowa ya gama tasa, ta koma kan gyaɗarta. Bayan ya tafi na ji ta kira matar Yaya ɗaki tana tambayarta a hankali, wai da gaske ne idon na ƙyalli. Matar ta ce wallahi yana ƙyalli. Ta rantse, kuma ba za ta yi kaffara ba.

Da aka gama girbi, jinin ya sauka, na zo da niyyar mu koma asibiti, sai Inna ta ce ba inda za ta. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana zaune tana jan carbi. Ta ce ta tsufa tana kallon idanun halittu, ba ta taɓa ganin ɗan Adam da idonsa ke ƙyalli ba. Kyanwa ce ke yi, da kare, da awaki in an haska su. Ta ce ta daɗe tana jin ana faɗin irin wannan ba ta ɗauka ba, sai ga shi wanda aka yi wa ya faɗa da bakinsa. Yaya za ta yi alwala ta tsaya gaban Ubangiji da idon dabba a fuskarta? In ta mutu, matan da za su yi mata wanka su gani? Ta ce ɗaya ya riga ta tafiya, wannan da ya rage za ta mayar wa mai shi yadda ya ba ta.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce ƙyallin kyanwa daga can bayan ido yake fitowa, kuma sai a duhu in an haska, na Kawu kuwa a gaba yake, da rana tsaka. Na ce idon wata halitta ba ya kamawa a jikin wata, ko wane likita ne. Na ce, Inna, ke kika koya mini baƙin idon kyanwa a tsaye yake. Na Kawu a zagaye yake kamar na kowa, ki sa a kira shi ki duba.

Ta ce, "Da me zan duba, Malama?"

An ce gani ya kori ji, to a wajen Inna ba sauran gani, ji ne ya shimfiɗa tabarmarsa ya zauna. Kuma abin da ta ji daga bakin tsaranta ya fi mata nauyi a kan abin da ta ji daga bakin 'yar da ta goya.

Washegari na hau babur zuwa ƙauyen Kawu. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, na gaya masa abin da wasansa ya haifa. Dariya ya fara yi har da riƙe ciki, yana cewa ashe baiwar tasa ta tsufa. Sai da ya ga ina kuka sannan ya ajiye igiyar. Ya biyo ni a ranar, ba zan ci masa wannan ba. Amma hali zanen dutse: yana sa ƙafa a tsakar gida sai da ya ce ina makauniyar gidan nan, ta fito ga ubangidanta ya zo. Bayan nan ne ya zauna ya ce mata wasa yake yi, roba ce aka sa masa, ya rantse da Allah. Matsalar ita ce muryar da ya rantse da ita, ita ce dai wadda ya ba da labarin baƙar kyanwa da ita, don ba shi da wata.

Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Malama ce ta turo ka. Ranar da ka faɗi ta farko ba wanda ya roƙe ka. To ni wacce zan ɗauka?"

Ya sake rantsuwa. Ta tambaye shi ko ya ga abin da idonsa sanda ake sa masa. Nan fa Kawu, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi mata ƙarya don nishaɗi, ya ga ya kamata ya faɗi gaskiya. Ya ce a'a, an rufe masa fuska da ƙyalle, haske kawai yake gani. Inna ta ce to ashe kai ma ji ka yi, ta sa matar Yaya ta kawo masa fura.

Kafin nan ma zancen ya riga ya zaga gari, ita magana zarar bunu ce. Yara suna ganin Kawu a kasuwa sai su bi shi suna kukan kyanwa, shi kuma maimakon ya tsawata sai ya juya ya amsa musu, ya yi kamar zai cafke su. Duk wannan yana dawowa kunnen Inna ta bakin masu zuwa gaishe ta, kowa da ƙarinsa. Wannan ta ce an ga Kawu ya daina kunna fitila, waccan ta ce yanzu kifi kaɗai yake so. Suna faɗa suna dariya, su tashi su tafi su bar ta da shi. Matan nan su ne daga baya suka zo jaje suna ta Allah sarki.

Na roƙi limamin unguwa ya zo, ya ce mata neman magani halal ne, roba kuma ba dabba ba ce. Ta yi masa godiya, ta ce ta gamsu da hukuncin roba, amma shi ma bai ga abin da ake sawa ba. Da Babbar Sallah na karɓi kan ragon layya kafin a babbaka, na cire ido ɗaya na tsaga da reza. Na fito da 'yar ƙwayar, garai-garai, na ɗora mata a tafin hannu. Na ce ta taɓa ta ji, irin wannan ce kawai ta dushe a idonta, ita kaɗai za a cire, idonta nata ne yana nan. Ta daɗe tana juya ta da yatsa, har na fara sa rai. Sai ta miƙo mini, ta goge hannu a zaninta, ta ce ashe kowa da tasa, to a bar wa kowa tasa.

Mutum ɗaya ne zai ce ta tashi ta tashi, shi ne Yaya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa saboda kunya, kuma ba ta taɓa musa masa magana ba. Na durƙusa gabansa na roƙe shi. Ya ce shi ba zai tilasta mata ba, ba zai ja wa kansa bakin uwa ba. Ya ce ya san wani a Bakori da ya je da ɗan ganinsa ya dawo ba komai, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce masa babbar da yake magana a kanta ba ta hango ƙofar ɗakinta. Bai sake yi mini magana ba har aka yi shuka. Ni dai abin da na karanta a fuskarsa shi ne jinya ce ba ya so, ga taki, ga huɗa, ga 'yan ƙwadago, tsohuwa kuma tana zaune shiru ba ta dami kowa ba. Allah ya yafe mini in na zalunce shi, amma har gobe ra'ayina ke nan.

Damina biyu suka wuce a haka. Baƙin idon Inna ya koma fari fat kamar an ɗiga nono. Awakin ta raba wa jikoki ɗaya bayan ɗaya, don ba ta iya sanin wacce ta ci wacce ba ta ci ba. Aka ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki. Amma tana bambanta dare da rana, tana gane ƙofa in an buɗe ta. Duk zuwan da na yi sai na kunna fitilar wayata na zagaya da ita gaban fuskarta, tana nuna inda hasken yake tana tsaki, tana cewa in daina mayar da ita 'yar aji. Muddin yatsan nan na bin hasken, na san da sauran dama. In koma Malumfashi in tsaya gaban allo ina zana wa yaran mutane ido, kibiyoyin haske suna shiga, wani lokaci sai in ji kamar in jefar da allin in fita.

Kawu ya rage zuwa gidan. In ya zo yakan yi gaisuwa a miƙe, ba baiwa ba bawa, Inna kuma sai ta tambaya ko ba shi da lafiya ne. Yana nan da ransa har yau, yana gane mutum tun daga nesa. Ina durƙusa masa in gaishe shi yadda ake gaida kawu. Amma maganarsa ba ta sake ba ni dariya ba, shi ma ya sani.

Ciwon ya taso ana tsakar yankan dawa. Kai ya sara mata ta ɓarin dama, idon ya yi ja, tana amai. Ba wanda ya kira ni. Suka ce rana ce ta buge ta, aka ɗaure mata kai da ɗankwali, aka sayo ƙwayoyin ciwon kai a kyamis, aka sa mata tozali, aka karɓo rubutu. Daga baya da na tambayi Yaya me ya hana shi buga mini waya, cewa ya yi ya san in na zo zancen asibiti zan tayar, ga dawa a ƙasa. A wajen wani suna a Malumfashi na ji, daga bakin wata 'yar garinmu da ta tambaye ni ya jikin Inna, ta ɗauka na sani. Lokacin an riga an kwashe makonni.

Na same ta kwance ta rame, ta dafe idon da tafin hannu. Ban yi wa kowa magana ba, na gyara mata zani na yafa mata mayafi, na kira mai babur ya fitar da mu titi. Wannan karon ba ta musa ba. A asibiti likitar nan dai muka samu. Ta gane mu, ta dubi idon, ta dube ni, ta ɗauko tocilarta. Ta haska ta sama, ta ƙasa, ta kawo ta daf da idon. Inna ta ɗaga yatsa tana jira. Da shirun ya yi yawa sai ta tambaya ko an kunna.

Likitar ta ja ni waje. Ta ce yanar ta kumbura ta toshe hanyar ruwan ido, matsin ya daɗe, jijiyar ta mutu. Za su ba da magani ciwon ya kwanta, in bai kwanta ba a yi aiki don ta samu barci, amma gani kam ya tafi. Da an kawo ta a kwanakin farko, da wataƙila an ceto wani abu. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dafa kafaɗata ta ce sai haƙuri. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don da na sami wanda zan rama wa.

Aka ɗiga mata magani, aka ba ta ƙwayoyi, ciwon ya ɗan lafa. Ban gaya mata komai a asibitin ba. Muka shiga ƙaramar bas mai zuwa Bakori, na zaunar da ita ta bakin taga, motar cike da mutane da kaya. Muka bar Funtua, hanya na ratsa gonaki, ga dammunan dawa a jibge gefe da gefe. Rana na dukan fuskarta ta taga, ko ƙiftawa ba ta yi. Sai na ji ta laluba ta kama hannuna, ta matso da bakinta kusa da kunnena don kada na kusa su ji.

Ta ce, "Malama, ki koma ki gaya wa likitar nan na yarda. Ko na kyanwar ne su sa mani. Allah ya ga zuciyata, ya san ba da son raina ba ne. Duhun nan ba irin na da ba ne, ba zan iya da shi ba. Amma kada a faɗa wa kowa a gari."

Shekara biyu ina neman kalmar nan daga bakinta, na roƙa, na yi kuka, na ɓata da ɗan'uwana a kanta, sai ga ta ta zo a cikin mota lokacin da ba ta da sauran amfani. Na so in ce mata to, in bar ta ta kwana da sa rai. Amma zancen da ba gaskiya ba ya riga ya ci wa tsohuwar nan abin da ya ci, ban ga dalilin da zan ƙara mata wani ba. Na ce, Inna, likita ta ce jijiyar da ke karɓar hasken ce ta mutu, ko me aka sa yanzu ba inda zai sauka.

Muka tsaya a wani ƙauye, aka sauke wani mai buhu aka ɗauki wata mai goyo. Hannunta na nan cikin nawa. Sai da mota ta tashi sannan Inna ta ce, "Ko na mutum ne?"

Na ce ko na mutum ne, Inna.

Ta saki hannuna, ta ja mayafinta ta rufe fuska har haɓa. A haka take har muka sauka.